Daga Ceri zuwa Magarya: Wace Bishiya Za Mu Dasa, da Wa Za Mu Haɗa Ta?

 



An nemi in yi magana a kan bishiyar ceri mai zaƙi: yadda ake nomanta, amfaninta, da shuke-shuken da ake haɗa ta da su a gona. Na fahimci abin da ya kawo wannan buƙata. Hotunan 'ya'yanta jajaye sun cika wayoyinmu, ana faɗin tsadarsu a kasuwannin duniya, matasanmu masu sha'awar lambu kuma suna tambaya ko za ta yi a fadamar Kwalkwalawa ko a Wurno. Gara in ba da amsar tun yanzu don kada wani ya yi asarar kuɗinsa: ceri mai zaƙi ba za ta yi 'ya'ya a ƙasar Sakkwato ba. Sai dai masu nomanta sun tara wani ilimi da ya fi ita kanta bishiyar daraja a wurinmu, kuma muna da bishiyar da ke jiran wannan ilimin a bakin gonakinmu. Can nake son mu isa kafin mu tashi.

Ceri, wadda masana ke kira Prunus avium, 'yar ƙasashen sanyi ce, daga Turai zuwa yammacin Asiya. Turkiyya tana cikin manyan masu nomanta, tare da irin su Cile, Amurka, Uzbekistan da Iran. Cile tana girbi a watannin Disamba da Janairu, ta loda mafi yawansa zuwa Sin, inda ake rububinsa a shagalin sabuwar shekararsu. A nahiyarmu ma akwai ta, amma ku lura da wuraren. Akwai garin Safru na Maroko, a gindin duwatsun Atlas, inda ake bikin ceri duk watan Yuni, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2012. Akwai kuma Fiksbag a Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Lesoto. Duka biyun tudu ne mai tsawo inda ruwa ke daskarewa da dare a lokacin hunturu.

Dalilin yana cikin halittar bishiyar. Idan kaka ta wuce a ƙasarsu, ceri takan zubar da ganye ta shiga barci. Idanun da za su zama fure suna nan a jikin reshe a rufe, ba sa buɗewa sai sun sha sanyi na wani adadi. Manoman can suna ƙirga wannan sanyin da awa: duk awar da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai a rubuta ɗaya. Yawancin ire-iren ceri suna bukatar awa 700 zuwa 1,000, wasu fiye da haka. Hikimar Ubangiji ce, don kada bishiyar ta ruɗu da rana guda mai ɗumi a tsakiyar hunturu ta fitar da fure ƙanƙara ta kashe shi. Idan sanyin bai cika ba, sai ta tashi a rikice: ganye jefi-jefi, fure kaɗan a warwatse, wanda ya fito ma ya kakkaɓe.

To mu duba namu hunturun. A Disamba da Janairu, lokacin da muke lulluɓa muna jin ɗumin wuta da asuba, ma'aunin yakan tsaya ne a wajen digiri 14 zuwa 17, da wuya ya sauka ƙasa da 10. Awar sanyin ceri ko guda ba mu tarawa a yawancin shekaru. A Kalifoniya an samar da wasu ire-ire masu ƙarancin bukata, waɗanda awa 200 zuwa 300 ke isarsu, amma ko su sun fi ƙarfinmu. Bayan haka ga bazara, Afrilu da Mayu, da zafin da ke haura digiri 40. Taki ba ya maganin wannan, ban ruwa ba ya maganinsa, rumfa ma haka. Wanda duk ya zo muku da dashe a leda ya ce ceri ce, ku tambaye shi wace ce, domin a kudancin ƙasar nan agwaluma ma ceri suke ce mata, ita kuwa bishiyar kurmi ce mai son ruwa da laima.

Amfanin ceri ba ya bukatar dogon bayani. Ana cin 'ya'yanta ɗanye, ana busarwa, ana matse ruwansu, katakonta kuma kafintocin Turai suna ji da shi wajen kayan ɗaki. Daga ƙwallon wata 'yar'uwarta ake samun mahalab da Larabawa ke sa wa burodi. Abu ɗaya da masu tallarta ba su cika faɗa ba, wanda ya shafi gari irin namu mai akuya a kowane gida: ganyenta idan ya yi yaushi yana ɗauke da guba mai iya kashe dabba.

Yanzu mu zo ga abin da na ce ya fi bishiyar daraja. Babu manomin ceri na gaskiya da ke shuka ƙwallo ya zauna jira. Duk bishiyar da ke gonarsa aure aka yi mata: saiwa daga wata, kai daga wata. Saiwar an zaɓe ta don ta dace da ƙasar wurin, kan kuma don daɗin 'ya'yansa. A Jami'ar Gisen ta Jamus an shafe shekaru ana aikin samar da saiwar da ake kira Gisela, wadda ke hana bishiyar yin tsawo, ta sa ta haihu da wuri. Sannan sun gane cewa yawancin ire-iren ceri ba sa ɗaukar ciki da garin furensu na kansu, dole sai an dasa wani iri a kusa, ƙudan zuma ya yi jigila tsakani. Sai a 1968 aka fitar da irin Stella a Kanada, mai iya haihuwa ita kaɗai, kuma har gobe manyan gonaki suna hayar amya a lokacin fure. Ƙasan bishiyar ma ba sa barinsa tsirara: suna shuka ciyayi dangin wake masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, da furanni masu janyo zuma. Aure, abokiyar haihuwa, da maƙwabci nagari. Babu ɗaya a cikinsu da ke bukatar ƙanƙara.

Bishiyar da nake nufi ita ce magarya. Na ga wasu sun yi murmushi, kuma na san dalili: magarya abin yara ce, ƙwallo ya fi tsoka yawa, manomi kuma in ya gan ta a gona lokacin sassabe gatari yake ɗaukowa. Amma ku dubi abin da take yi ba tare da kowa ya taimake ta ba. Tana rayuwa a jigawar da ruwan shekara bai kai rabin namu ba, mu da muke samun milimita 600 zuwa 700 a damina mai kyau. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa in an sare ta take sake tohowa. Tana fure a ƙarshen damina, ta nuna a cikin hunturu, lokacin da mangwaro bai shigo ba. Ganyenta abincin awaki ne da raƙuma, ƙayarta shinge, itacenta makamashi da ƙotar fartanya. 'Ya'yanta suna da sinadarin bitamin C mai yawa, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna daka busassunsu suna yin tuwon magarya. A addini kuwa mun san matsayinta: an ambaci danginta a Alƙur'ani a surorin Saba'i, Najmi da Waƙi'a, kuma da ruwa da ganyenta aka umurta a yi wankan mamaci. Bishiyar da ke tare da mu tun daga wasan ƙuruciya har zuwa likkafani ba ta cancanci wulakancin da muke yi mata ba.

Wannan magaryar tamu, Ziziphus mauritiana, ita ce dai mutanen Indiya suke nomawa a jihohin Rajastan, Haryana da Fanjab, wuraren da zafinsu da ƙarancin ruwansu suka yi kama da namu. Bambancin shi ne su sun daɗe suna zaɓe. Duk bishiyar da ta fi girman 'ya'ya da zaƙi sai su ɗebi reshenta su aura wa wata, har suka samu ire-ire masu suna, irin su Gola, Seb, Umran da Kaitli, waɗanda ɗansu guda ya ninka na magaryar daji sau goma ko fiye, ga tsoka mai ƙaras-ƙaras da ruwa. Daga farkon shekarun 2000, cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dov Pasternak, ta ɗauki waɗannan ire-iren ta riƙa aura su a kan saiwar magaryar gida, aka raɗa musu suna tuffar Sahel. Yau ana sayar da ita a kasuwannin Nijar, Mali, Burkina Faso da Sanagal. Tsakaninmu da inda aka yi wannan aikin tafiyar yini ce a mota, ta Illela da Ƙonni. Abin yana damuna ƙwarai cewa matashin Sakkwato ya fi sanin labarin ceri ta Cile a kan labarin magaryar Sadore.

Bari in yi bayanin aikin, domin masu lambun da ke nan sun riga sun iya rabinsa. Wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure ba zai sha wuya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce amfani da magaryar da ta riga ta kafu a gonarka. A cikin bazara sai ka sare ta kusa da ƙasa. Da damina ta faɗi za ta fitar da tohi masu ƙarfi. Ka zaɓi ɗaya ko biyu da suka miƙe, masu kaurin fensir, ka cire sauran. Sai ka samo reshe ɗanye daga bishiya mai kyawun iri, ka yanko ido ɗaya da ɓawonsa ka saka a ƙarƙashin ɓawon tohon, ko ka tsaga kan tohon ka cusa reshen da ka feƙe, ka ɗaure da zaren leda yadda iska da ruwa ba za su shiga ba. Wuƙar ta zama mai kaifi da tsabta, aikin kuma a yi shi da sanyin safiya ko da la'asar. Idan ya kama, duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗar ka riƙa cire shi, in ba haka ba uwar za ta rinjayi amaryar, ka koma gidan jiya. Saboda saiwar ta riga ta yi shekaru a ƙasa, irin wannan bishiyar takan fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda ba shi da magarya a gona, sai ya fasa ƙwallo ya ciro ƙwayar ciki ya shuka, don ta fi saurin tsirowa, kuma kada ya bar dashen ya daɗe a leda har doguwar saiwar ta nannaɗe. Tazarar mita 5 zuwa 6 tsakanin bishiya da bishiya ta wadatar.

Ba zan ɓoye muku wahalarta ba. Magarya a sabon reshe take haihuwa, don haka duk shekara bayan girbi, in ta zubar da ganye a bazara, sai an yi mata aski sosai. Wanda ya ji tausayinta ya bar ta, zai samu ƙaya da ƙananan 'ya'ya. Mai auren ta fi ta daji son ruwa a lokacin da 'ya'ya ke girma, kuma daminarmu takan ɗauke daidai lokacin, saboda haka ban ruwa kaɗan a Oktoba da Nuwamba yana canza girbi. Babban maƙiyinta ƙudan 'ya'yan itace ne, wanda ke huda ɗan ya sa ƙwai, ka ɓare ka tarar da tsutsa. Maganin farko tsabta ce: a tsince duk wanda ya faɗo, a binne shi da zurfi, kada a bar shi a gindin bishiya. Sannan ɗanyen ɗan ba ya jure ajiya fiye da 'yan kwanaki, sai a kai kasuwa da wuri ko a shanya. Kamar ceri, ita ma ta fi ɗaukar 'ya'ya idan an gauraya iri biyu ko uku a gona guda, ko an bar magaryar daji ɗaya a gefe.

Na zo kan batun maƙwabtaka, wato me ake shukawa kusa da me. Idan kuka buɗe intanet za ku ga jerin sunaye: wai a sa tafarnuwa a gindin ceri ta kori ƙwari, a sa kaza, a guji kaza. Wasu daga ciki an gwada an tabbatar, kamar furen nan mai ruwan ɗorawa da ake kira marigol, wanda saiwarsa ke rage tsutsar ƙasa mai sa saiwa ƙulli. Da yawa kuwa ji-ta-ji-ta ce da wani ya kwafa daga wani. A ganina tambayoyin da manomi zai yi wa kansa ba su da wuya: shin waɗannan biyun a zurfi ɗaya suke shan ruwa? A lokaci ɗaya suke neman rana? Ciwo ɗaya ke kama su? Akwai abin da ɗaya ke bari a ƙasa da ɗayan zai ci?

A nan ba mu da wanda zai koya mana, domin babban malamin wannan fanni yana tsaye a gonakinmu, wato gawo. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da nasa. Gero yana samun rana a ƙarƙashinsa, ga ganyen da ya zuba ya zama taki daidai lokacin shuka. Saiwarsa tana ɗauko sinadarin naitirojin daga iska ta ajiye a ƙasa kamar yadda wake ke yi. Da rani ya dawo da ganye, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba kashi. Kowane manomi a ɗakin nan ya taɓa ganin yadda zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili cika, kuma binciken da aka yi a Sanagal da Nijar ya tabbatar da abin da idonsa ya gani. Ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan saren gawo. Ni ina ganin sun san abin da suke karewa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna iyakar inda wannan zai iya kaiwa. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a Nijar, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara tohi ne na kututturan manyan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara roƙon manoma su bar toho ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, su sassabe sauran. Manoman da kansu suka sa wa abin suna sassaben zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada. Bayan shekaru ashirin, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200, kusan dukansu ba dasawa aka yi ba. Gawo, sabara, kalgo, aduwa da magarya ne. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Duk magaryar da aka bari ta wannan hanya saiwa ce da ke jiran aure.

Haɗa amfanin gona kuwa gadonmu ne. Akwai lokacin da malaman gona ke ganin gauraya gero da dawa da wake a gona guda rashin wayewa ne. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka bi manoma a ƙauyukan Zariya, Sakkwato da Bauci suna auna aiki da girbi, suka gano cewa gaurayen ya fi riba a kan kowace kadada, kuma ya fi tsare gida daga yunwa a shekarar da ruwa ya yi gardama. Abin da nake roƙo shi ne a shigar da bishiyar 'ya'ya cikin wannan lissafin. A jigawa, magarya mai aure tana zama lafiya da wake da gyaɗa a tsakanin layukanta, su rufe ƙasa su ƙara mata ƙarfi, ita kuma askin bazara yana hana ta yi musu inuwa. A faƙon da aka yi watsi da shi, mutanen Sadore sun gwada wani tsari da ƙungiyoyin mata: a haƙa rami mai siffar rabin wata don tare ruwan sama, a dasa magarya mai aure da zogale a ciki, a haƙa ƙananan ramukan tassa a tsakani a zuba taki a shuka kuɓewa da yakuwa. Kuɓewar tana ba da kuɗi tun shekarar farko kafin bishiya ta kawo ƙarfi. Ita tassar ma manoman Badagishiri a jihar Tawa sun daɗe suna farfaɗo da mataccen fili da ita. Muna da irin wannan faƙon da yawa a arewacin jihar nan.

A fadama lissafin ya ɗan bambanta. Mai dasa mangwaro ko gwaiba ko lemo a bakin gulbin Rima, ko a filayen da madatsar Goronyo ke shayarwa, yana da shekara uku zuwa huɗu kafin inuwa ta rufe. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ƙasar nan ta yi suna da su, abokan zama ne nagari a wannan tsakanin: saiwarsu ba ta da zurfi, ruwa da takin da aka ba su bishiyar tana samu, kuɗinsu kuma shi ke riƙe mai lambu. A bar dai fili kamar taku ɗaya zagaye da gindin, kada ruwa ya kwanta a jikin kututture. Da mangwaro ya girma, yana son a ɗauke masa ruwa na wasu makonni kafin fure, daga nan zamansa da kayan lambu masu shan ruwa kullum ya ƙare. Tumatir da tattasai da gauta kada a maimaita su shekara da shekaru a gindin gwaiba, domin tsutsar saiwa ɗaya ce ke cin su. Gwaiba da mangwaro da magarya a matse wuri guda kuma suna miƙa wa juna ƙudan 'ya'yan itace daga wata zuwa wata, musamman baƙon ƙudan nan da aka fara gani a Kenya a 2003 ya bazu har yammacin Afirka. Wanda ya haɗa su dole ya ninka tsabta. Kauci in ya bayyana a reshe, a sare reshen tun bai yaɗu ba.

Dogon yaro ya cancanci a yi masa adalci. Shi ya rufa wa birnin nan asiri da inuwa, amma mugun maƙwabci ne a tsakiyar gona, don saiwarsa tana shimfiɗa nesa tana ƙwace ruwa. Wurinsa bakin iyaka ne, ta gefen da iska ke bugowa. A kwarin Majiya, arewa maso gabas da Ƙonni, tun 1975 aka fara dasa shi layi bibbiyu da tazarar mita 100, ya kare gero daga iskar da ke binne shuka da rairayi. Bishiyar turare kuwa a nisanta ta da rijiya da lambu gaba ɗaya.

Maƙwabcin da aka fi mantawa shi ne ƙudan zuma. Furen magarya da na kurna suna cikin abin da ya fi so. Zumar sidir ta Yaman, wadda alhazanmu ke gani da tsada a shagunan Makka da Madina, daga furen kurna ake samunta, kurnar nan dai da ke tsaye a ƙofar gidajenmu. Amya biyu a gefen lambu suna ƙara yawan 'ya'ya, su kuma ba da zuma. Abin da ke kashe su shi ne feshin maganin ƙwari da rana tsaka a lokacin fure. Wanda ya zama dole ya yi feshi, ya jira faɗuwar rana, kuma ya tsallake bishiyar da ke cikin fure.

Akwai matsalolin da ba na ilimin shuka ba ne, kuma su suka fi kashe itatuwa. Na farko akuya. Dashen da ba a kewaye shi da ƙaya ko kwando ba har ya fi ƙarfin bakinta, an yi aikin banza. Duk shekara muna ganin bikin dashen itatuwa, kuma jihar nan tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Ina fata a riƙa ƙirga bishiyar da ta ga damina ta uku, a daina ƙirga wadda aka sa a rami ranar biki. Na biyu mallaka. Mai gonar aro ko haya ko jingina ba ya dasa bishiya, sau da yawa ma mai gonar ba zai yarda ba, kuma mata da matasa su ne suka fi yawa a wannan rukuni. Abin da ya ba sassaben zamani ƙarfi a Nijar shi ne lokacin da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Iyayenmu hakimai da dagatai da limamai za su iya sasanta wannan da yarjejeniya a rubuce: wa ke da 'ya'yan, shekara nawa, me za a biya in an karɓe gona. Na uku, ba zan yi kamar ban san halin da 'yan'uwanmu na gabashin jihar nan ke ciki ba, inda rashin tsaro ya sa zuwa gona mai nisa ya zama kasada. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Kafin nan, magarya mai aure guda biyu da zogale suna rayuwa a tsakar gida da ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu mai yawa, kuma hadisi ya yi mana bushara da ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da muka dasa.

Roƙona na ƙarshe ga malaman tsangayar aikin gona ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ma'aikatar gona ta jiha ne. Abin da ke tsakanin manomin Sakkwato da wannan sana'a shi ne reshen aure mai asali. A keɓe fili ko da rabin hekta ne, a dasa iyayen itatuwa na Gola da Seb da Umran, kowace da sunanta a jiki, inda mai lambu zai zo a farkon damina ya sayi reshe da kuɗi kaɗan, ya kuma ga yadda ake ɗaurawa da idonsa. A tura ɗalibai ƙauyuka su tambayi yara da makiyaya wace magarya ce ta fi zaƙi da girma a dajinsu, domin su suka sani, a ɗebo reshenta a ajiye kusa da na Indiya a gwada su tare. A koya wa masu sayar da dashe na bakin titi aikin aure, tunda wurinsu jama'a ke zuwa. Wanda ke da magarya a gonarsa kuma, bana in ya zo sassabe ya ɗaura mata ƙyalle ya gaya wa yaransa kada a taɓa ta.